Hula ta Uku

Shekara ashirin da bakwai Malam Siddiƙ ya yi yana wankin hula a rumfa ɗaya a unguwar Briqueterie, a bakin lungun da ke gangarawa kwata, jikin shagon Garga tela. Mahaifinsa ne ya zo da sana'ar daga Haɗeja, shi kuwa a unguwar aka haife shi, a nan ya yi aure, a nan ya binne matarsa. Kayan aikinsa ba su da yawa: baho uku, buroshi, sabulu, ƙaro, dutsen guga na gawayi, sai kawunan katako arba'in da wani abu da ake ɗora hula a kai ta bushe ta ɗauki tsari. Duk wanda ya san hula a Yaoundé ya san hannunsa. Har daga unguwannin Tsinga da Cité Verte ake aiko masa da zanna a cikin leda.

Sana'ar tana da lokacinta. Kafin ƙaramar salla da babba ba ya samun sukunin cin abinci a zaune, Mauludi ma ba laifi. Amma bana Mauludi ya faɗo daidai da komawar yara makaranta, yana wucewa kuma sai kasuwa ta mutu murus. Duk mai ɗan abin hannu ya kai makaranta, ya sayi littafi da takalmi. Ga ruwan Oktoba da ba ya sallama, ka ga rana da hantsi, kafin azahar gari ya haɗe. Wa zai kawo hula wanki alhali gobe ruwa zai dake ta? Sai Malam Siddiƙ ya wuni a kan benci, kawunan katakon nan a jere a gabansa tsirara, yana kora musu ƙuda. Wata rana hula biyu, wata rana ko ɗaya.

Ranar wata Lahadi 'yarsa Rahmatu ta kawo masa abinci. Ita ce babbar 'yarsa, tana aiki a wani shagon takalma a kasuwar Mokolo. Ta ajiye kwanon, ta dubi rumfar, ta dube shi.

"Baba, yau nawa ka wanke?"

"Yau Lahadi ce."

"Jiya fa?"

Ya buɗe kwanon ya fara ci.

Ta zauna a gefen bencin. "Mu ma haka muke a shago tun da aka gama sayen takalman makaranta. Amma mai shagonmu ba ya zama ya zuba ido. Promo yake yi. Ka sayi biyu a rage maka kuɗin na biyun. Wallahi jiya har layi aka yi."

"Takalmi daban, hula daban."

"Mutane dai ɗaya ne, Baba. Ka ce duk wanda ya kawo hula uku, kuɗin biyu zai biya. Ta ukun kyauta."

Malam Siddiƙ ya ajiye lomar da ya ɗauko. Abin ya yi masa banbarakwai. Shi a saninsa mai rage farashi ko dai aikinsa ya lalace, ko yunwa ta ci ƙarfinsa, kuma duk biyun ba abin da mutum zai rubuta a allo ya rataya a ƙofarsa ba ne. "Sefa ɗari biyar nake wanke hula tun kina firamare," ya ce. "Ban ƙara ba da sabulu ya tashi, ban ƙara ba da gawayi ya tashi. Yanzu kuma in yi shela cewa na koma kyauta? Me mutane za su ce?"

"Za su ce bari mu kai hulunanmu."

Garga tela, wanda duk hirar a kunnensa ake yi, ya leƙo da tef a wuya. Mutumin Maroua ne, Hausarsa da ɗan gishirin Fulatanci. "Siddiƙ, yarinyar nan ta fi ka kai. Ni ma da ina da mai rubuta mini allo da na yi. Jarraba wata ɗaya. In bai yi ba, ka ce iska ce ta kawo kwalin."

Rahmatu ba ta jira ya amince da baki ba. Ta samo kwali a wurin mai shagon lungu, ta rubuta da manyan baƙaƙe, Faransanci a sama, Hausa a ƙasa: hula uku, kuɗin biyu, har ƙarshen wata. Ta naɗe shi da farar leda saboda ruwa, ta ɗaure a ginshiƙin rumfar. Ta ɗauki hotonsa ta tura wa matan unguwa a waya. Malam Siddiƙ ya kawar da kai kamar ba rumfarsa ake yi wa ba.

Kwana biyun farko ba abin da ya samu sai tsiya. Wani mahauci ya tsaya ya karanta allon da ƙarfi, ya ce, "Malam, in na kawo kaina da na ƙannena biyu, aski ma haka ne?" Aka yi dariya. A rana ta uku wani direban taksi ya zo da huluna uku a leda. Da yamma wani ya kawo shida. Kafin Juma'a ta zagayo, kawunan katakon duk sun sami hula, har ya koma jera wasu a kan gwangwanayen madara.

Abin da ya ba shi mamaki shi ne irin hulunan da suka fito. Mutum yana da biyu da yake sawa, to don ya cike uku sai ya zazzage ƙasan akwati. Hulunan aure na shekara ashirin, hulunan da aka gada, waɗanda asu ya taɓa, waɗanda maiƙon kai ya mai da bakinsu kamar fata. Matan da bai taɓa gani ba suka riƙa aiko da na mazajensu. Ya koma sayen nama a kai gida, ya canza kwanon rufin da ke yoyo a kan dutsen gugarsa. Rahmatu in ta biyo da yamma sai ta tsaya tana murmushi, shi kuma ya yi kamar bai gani ba.

Sai dai aikin ya fi ƙarfin hannu biyu, rana kuma ba ta zama. A nan wata ɗabi'a ta shige shi ba tare da ya zauna ya shirya ta ba. In aka kawo uku, sai idonsa ya zaɓi biyu masu daraja, ya wanke su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ya saba, da buroshi mai laushi da ruwa mai tsabta. Wadda ta fi tsufa ko araha kuwa, ita ce ta kyauta a ransa. Sai ya jefa ta a baho na uku tare da 'yan uwanta, su jiƙa tare, a cuɗa su sama-sama. In fara ce mai taurin datti ya ɗiga mata javel, maganin nan mai cin tabo, don ya huta da gurza. Ba wanda ya yi ƙorafi. Wa zai yi ƙorafi a kan kyauta?

A mako na uku, ranar Talata da hantsi, wata mata ta tsaya a bakin rumfar da jakar leda a hannu. Za ta yi shekara hamsin, doguwa, da mayafi ruwan toka. Ta yi sallama ta gaishe shi.

"Malam Siddiƙ, ba ka gane ni ba. Hadija ce, iyalin marigayi Malam Habu mai gyaran agogo."

"Allahu akbar! Maman Musaddiq! Ki gafarce ni. Allah Ya jiƙan Malam, Ya kai haske kabarinsa."

"Amin, na gode."

Malam Habu ya fi shekara ashirin yana kawo masa wanki, mutum ne mai son hula, ba ya fita da wadda ta karye. Shekara biyu ke nan da rasuwarsa. Bayan takaba matar ta koma unguwar Madagascar da zama, wurin ɗanta Musaddiq.

"Tun da ya rasu ban buɗe akwatinsa ba," ta ce. "Jikata ce ta nuna mini allonka a waya. Na ce bari dai in duba. Ashe ɗakin yana tsatsafo da danshi ta ƙasa. Dubi yadda suka koma."

Ta zazzage jakar a kan benci. Huluna tara ne, duk fumfuna ta yi musu dabbare-dabbare, suna warin rima. Malam Siddiƙ ya riƙa ɗaga su ɗaya-ɗaya kamar yana gaisawa da tsofaffin abokai. Ga zannar nan ruwan ƙasa da Malam Habu ke sawa ranar Juma'a, ga damanga biyu, ga bama mai shuɗin zare da ya taɓa cire wa tabon man agogo. Takwas duk ya san su. Ta taran ce bai taɓa gani ba: wata 'yar ƙube fara, da koren zare, ɗinkin a karkace, gidajen ba su daidaita ba, wani babba wani ƙarami. Irin wadda ko a gwanjo ba za a taya ba.

"Za su fita?" ta tambaya.

"In sha Allahu. Ki ba ni zuwa Asabar."

"Tara ne, kuɗin shida ke nan ko?"

"Haka ne."

Ta yi kamar za ta ƙara magana, sai wani mai babur ya tsaya da nasa hulunan yana sauri. Ta ja mayafinta ta yi sallama ta tafi.

Washegari ya fara da su. Zannar da damangogin ya ba su haƙƙinsu, ya bi kowane tabo da ruwan lemun tsami da haƙuri har fumfunar ta saki. Ƙuben kuwa ya jefa ta a ƙaramin bokiti, ya tsiyaya javel ba tare da ya auna ba, da niyyar ya tsame ta bayan minti biyar. Bai kai ga haka ba iska ta taso. Hadari ya haɗo daga wajen dutsen Mbankolo baƙi ƙirin, ga huluna sama da hamsin a shanye a bakin hanya. Ya fita da gudu, Garga ya bar keken ɗinki ya taya shi, suna kwasa suna turawa cikin rumfa da shagon ɗinki, ruwa na dukansu. Da aka gama sai jera su, sai goge waɗanda suka jiƙe, sai ga azahar ta yi. Bayan salla mutum uku na jiransa. Sai wajen la'asar, da ya je zubar da ruwan bokitin, ya ga abu fari a ciki.

Ya tsamo ta da yatsu biyu. Koren zaren ya koma ruwan ɗorawa mai fatsi-fatsi. Ya ɗauraye ta a ruwa mai kyau, yana matsawa a hankali, sai ya ji ta saki a hannunsa kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Zaren ya ruɓe. Gefe ɗaya ya buɗe, ramin ya isa yatsa uku su shige.

Ya daɗe a tsugune da ita a hannu. A shekara ashirin da bakwai ya taɓa ƙona bakin hula sau ɗaya, ya taɓa ba wani hular wani, amma bai taɓa kashe hula ba.

Garga ya zo ya duba, ya juya ta, ya taɓe baki. "To ai da sauƙi, tunda ba zannar ba ce. Wannan nawa take? Ka ce fumfuna ce ta cinye ta, kana taɓawa ta yage. Wa zai musa? Shekara biyu a danshi fa."

Maganar ta zauna daram, abin da ya fi damunsa ke nan. Ita da bakinta ta ce danshi ya shiga akwatin. Ba za ta yi zargin komai ba, ƙila ma ta ba shi haƙuri. Ya shanya ƙuben a can ciki inda ido ba ya kaiwa, ya ci gaba da aiki. Amma ranar Alhamis duk hular da ya ɗauka zai jefa a baho na uku sai hannunsa ya tsaya. Ya dubi bahon, huluna goma sha a cunkushe cikin ruwa ɗaya mai launin toka, kowace da mai ita, kowace wani ya tsaya a gaban madubi ya gyara mata zama. Ya tuna mahaifinsa, wanda ko hular ɗan dako aka kawo sai ya wanke ta ita kaɗai. Kunya ta kama shi, shi kaɗai a rumfa.

Da Rahmatu ta biyo daga aiki ya nuna mata, ya gaya mata yadda aka yi, bai rage komai ba.

Ta ce, "Ni na jawo maka, Baba. Da ban matsa maka ba..."

"Ke kika rubuta allo. Javel ni na zuba. Gobe in an sauko daga masallaci ki raka ni Madagascar. Ba zan jira ta zo ta ji a bakin titi ba."

Ranar Juma'a bayan an sauko suka tafi a ƙafa, shi da ledar huluna takwas a goge, kowace a naɗe da takarda, ta taran kuma a aljihun rigarsa. Gidan yana can saman wata gangara, sai da suka yi tambaya sau biyu. Musaddiq ba ya nan, matarsa ce ta yi musu iso, aka shimfiɗa musu tabarma a baranda. Hadija ta fito da fara'a da mamaki.

"Malam, da kanka? Ai da ka bari gobe na zo."

Aka gaisa, aka kawo ruwa. Ya miƙa wa Rahmatu ledar ta miƙa mata. Ta riƙa buɗe takardun ɗaya-ɗaya. Da ta zo kan zannar sai ta riƙe ta da hannu biyu, ta ce, "Kamar yanzu zai shigo ya ɗauka." Ta ƙirga da ido, ta sake duba cikin ledar.

"Ƙaramar fa? Ba ta bushe ba?"

Malam Siddiƙ ya ciro ta daga aljihu ya ajiye a kan tabarma. "Maman Musaddiq, ita ta kawo ni. Na ɓata ta. Ba fumfuna ba ce, ba tsufa ba ne. Javel na sa mata, na manta ta a ciki, ya cinye zaren. Laifina ne ni kaɗai."

Ta ɗauka. Ta sa yatsa a ramin, ta shafa zaren da ya koɗe. Can wani gida ana daka, yara na wasan ƙwallo a gangara.

"Sauran ma javel ka sa musu?" ta tambaya, ba ta ɗago ba.

"A'a."

"Don me ita?"

Ya ji tambayar har cikin ƙashinsa. Rahmatu ta sunkuyar da kai. Ya ce, "Don na dube ta na ga ba mai tsada ba ce. Na sa ta a cikin na kyauta."

Hadija ta gyaɗa kai a hankali. "Ba mai tsada ba ce kam. Ni na ɗinka ta. Ina da shekara goma sha tara, watanmu huɗu da aure, a Ngaoundéré. Wata maƙwabciya ce ta koya mini, ita ce hular farko da na gama. Ka ga yadda ta karkace. Ya sa ta ya fita kasuwa, abokansa suka yi ta yi masa dariya, bai cire ba. Daga baya da ya sami hali ya sayi waɗannan, sai ta koma ta zaman gida. Shi ya sa ba ka santa ba, ni nake wanke ta da hannuna. Ita ce a kansa a asibiti." Ta goge ido da bakin mayafi. "Ranar da na kawo na so in ce maka ka lallaɓa ta. Sai na ji kunya, na ga mutane na jiranka, ga shi kuma ragi ka yi mini. Na ce wanda aka yi wa ragi ba ya kafa sharaɗi."

Wannan maganar ta fi masa zafi a kan zagi. Ya ce, "Ki yafe mini don Allah. Ba ni da abin da zan biya ki da shi. Kuɗin wankin ma ki bar shi."

"A'a." Ta tashi ta shiga ɗaki, ta dawo ta ajiye kuɗin shida a gaban Rahmatu. "Waɗannan ka yi musu aiki, ka karɓi haƙƙinka. Yafiya kuwa na yafe, tunda ka tako ka faɗa mini gaskiya. Da ka ce danshi ne, da na yarda, in zauna ina zagin kaina har in mutu. Amma kada in yi maka ƙarya, Malam, raina ya ɓaci. Ka bar ni da shi tukuna."

Suka yi sallama. Suka kama hanya har suka kusa gida. Rahmatu ta ce, "In cire allon?"

"Ki canza shi."

Washegari ta zo da sabon kwali. Ya ce ta rubuta: kowace hula sefa ɗari uku da hamsin, har ƙarshen wata. Ta yi lissafi da ka, ta ce, "Baba, ai kusan duk ɗaya ne. Kuma kalmar kyauta ita ke jawo mutane."

"A wurinsu ɗaya ne. A hannuna ba ɗaya ba ne. Ba na son wata hula ta sake shigowa rumfar nan ba ta da kuɗi a kanta."

Ya kuma yanke wa kansa adadi: hula ashirin a rana, in sun cika sai gobe. Baho na uku ya kife shi ya mai da shi wurin zama. Mutane sun ɗan ragu, kamar yadda Rahmatu ta faɗa, wasu har suka yi mita cewa an janye garaɓasa. Amma waɗanda suka saba hanya a makonnin nan ba su daina ba, masu hula ɗaya tak da a da allon bai shafe su ba su ma suka fara zuwa. Ba a koma zaman kora ƙuda ba. Ya kuma ɗauki wata al'ada: duk wanda ya kawo tsohuwar hula sai ya tambaye shi, "Wannan ta wace ce?" Wasu su yi dariya su ce tasu ce mana. Wasu kuwa sai su gyara tsayuwa su ba shi labari.

Wata ya ƙare, ya sauke allon ya mai da farashinsa. Ya bar ragin a ranar Litinin da Talata kawai, ranakun da ko a lokacin ciniki ba su cika motsi ba.

Ana cikin Nuwamba, wata Litinin da safe, sai ga Hadija. Ya miƙe tsaye. Ta gaishe shi kamar yadda aka saba, ta tambayi Rahmatu.

"Aron abu na zo," ta ce. "Kan katako ɗaya, daidai kan Malam. Ka san lambarsa ai."

"Ashirin da biyu da rabi." Ya shiga ya zaɓo wanda ya fi santsi, ya goge shi da tsumma. "Gyara ta za ki yi?"

"Na warware zaren da ya mutu duka. Yadin ciki bai gama lalacewa ba, na yi masa maho. Garga ya samo mini koren zare irin na da, ko bai gaya maka ba?"

Garga daga cikin shago ya ƙara wa kekensa gudu kamar bai ji ba.

Tana jiran ya sa mata katakon a leda sai idonta ya sauka a kan wani kwando a gefen benci, cike da huluna wankakku. Ta ɗauki ɗaya, ta ga bakinta ya zare, ta ɗauki wata, ta ga asu ya huda samanta.

"Waɗannan fa?"

"Na ƙasan akwati ne da ragin nan ya tono. Na wanke, amma ɗinki ba aikina ba ne. Haka nake mayar wa masu su, su kuma su mayar akwati."

Ta juya wadda ke hannunta, ta kai ta kusa da ido. "Wannan ai aikin yini ɗaya ne. Zare uku ne suka tsinke, sauran bin su kawai suka yi." Ta mayar da ita cikin kwandon. "Bayan waccan ta farko na ɗinka sun fi ɗari, har sarinsu ake yi a Ngaoundéré. Da muka dawo nan ne yara suka yi yawa na ajiye allura. Yanzu kuwa zaman me nake yi? Surukata ba ta bari in taɓa ko tsintsiya."

"In masu su sun yarda, za ki karɓa?"

"Ka tambaye su. Amma ni zan faɗi kuɗin aikina, kuma ba na ragi."

"Ban isa in sa baki ba," ya ce.

A ranar ya kira mutum biyar a waya, huɗu suka ce a gyara. Ta tafi da huluna huɗu da kan katako. Ranar Alhamis ta dawo da su, sai da ya juya ɗaya sau biyu kafin ya gano inda aka yi gyaran. Daga nan ta riƙa zuwa duk Litinin da Alhamis, ta kawo ta ɗauka. Kafin bukukuwan Disamba su kankama, mutane sun fara cewa a kai wa Siddiƙ, yanzu har ɗinki ake yi a wurinsa. Kullum sai ya gyara musu: shi wanki yake yi, ɗinkin na Maman Musaddiq ne.

Bai taɓa tambayarta labarin ƙuben ba, yana jin ba shi da bakin tambaya. Ita ce wata Alhamis, bayan ta ajiye gyararrun, ta ciro ta daga jaka ta miƙa masa. An kai rabi. Sabon koren zaren ya bi sawun tsohon, gida-gida.

"Ta yi kyau," ya ce.

"Matsalar ke nan. Hannuna ya gyaru, ya ƙi karkacewa. Sau uku ina warware layin nan don ya fito a miƙe, ita kuwa ba haka take ba." Ta karɓe ta, ta mayar cikin jaka. "Zan riƙe katakon naka har sai na gama. Ƙila ya kai azumi."

"Ki riƙe shi duk tsawon da kike so."

Ta zaɓi huluna uku daga kwandon, ta duba kowace ciki da waje, ta ce ta shuɗin sai an sayo mata zare a Mokolo. Ya ce zai gaya wa Rahmatu ta taho da shi gobe.